Mai zubin tagulla da yashinsa

Mai zubin tagulla yakan share awa biyu a durƙushe yana lallaɓa yashi a cikin akwati, ya kwarara narkakken ƙarfe cikin ƙasa da minti guda, in ya huce kuma ya ɗauki guduma ya farfasa abin da ya gina da hannunsa. Abin da ya fito, ko kan famfo ne ko ƙararrawa ko mariƙin ƙofa, shi ake sayarwa, shi ake gogewa har ya yi walƙiya, shi ne kuma bayan shekara ɗari ake sawa a gilashi a gidan tarihi. Gwanintar kuwa tana cikin yashin nan da aka farfasa aka mayar kan tsibi. Shi ya sa nake ganin a duk abin da tsofaffin masana'antu suka bari, babu mai wuyar adanawa kamar zubi.

Ni aikina gyaran injina ne, musamman tsofaffi, irin waɗanda kamfanin da ya ƙera su ya rufe tun kafin a haife ni. In wani ɗan bawul ya tsage, ko zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa ya cinye, babu kantin da za ka je, sai dai a zuba sabo. Ta haka na san wani dattijo mai ƙaramar maƙera, wanda tun yana saurayi yake cikin yashi. Baba nake ce masa, shi kuwa bai taɓa wahalar da kansa da sunana ba, "samari" kawai. Na fara da kai masa aiki, na koma tsayawa kallo, har ran nan ya miƙo mini rariya ya ce in dai tsayawar zan yi, to in yi amfani.

Yashin zubi abu uku ne: yashi mai laushi, yumɓu kaɗan da ke riƙe shi, da ruwa wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. A da a Ingila akwai wuraren da ake haƙo shi a haɗe, yumɓunsa a jikinsa, kamar jan yashin Mansfield da masu tagulla suke so saboda laushinsa. Yanzu galibi haɗawa ake yi da wani yumɓu mai suna bentonait. Littafi zai ba ka waɗannan lambobi, amma Baba bai taɓa auna ruwa da komai ba. Yakan tura hannu cikin tsibin ya tsaya jim, kamar uwa ta taɓa goshin ɗanta tana neman zazzaɓi, sannan ya damƙo, ya matse, ya buɗe. In shatin yatsunsa ya fito sarai, dunƙulen bai manne a tafinsa ba, kuma da ya karya shi biyu ya karye tsaf ba tare da marmashewa ba, to yashi ya yi. In ya bushe da yawa, gefen gurbin zai zube, ƙarfe ya kwashe shi ya shiga da shi cikin kayan. In ruwa ya yi yawa, abin ya fi haka muni, domin lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi tana cin wurin lita wajen 1,700. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne kayan su fito da ƙananan ramuka a ciki. Mafi muni, ƙarfen ya yi tsartuwa ya dawo kan mai zubawa. Saboda haka ne ma ba a tsoma cokali ko sanda mai sanyi cikin narkakkiyar tagulla sai an gasa shi tukuna.

Akwatin zubi gida biyu ne, sama da ƙasa, ba murfi ba gindi, da ƙusoshin da ke sa su haɗu daidai. Ana kifa rabin samfurin katako, wato siffar kayan da za a zuba, a kan allo, a barbaɗa masa hoda don kada yashi ya kama shi, a tankaɗe yashi mafi laushi a kansa, sannan a cika a daɓe. Daɓen nan shi ne wurin da ake gane wanda ya iya. In ka daɓe da ƙarfi fiye da kima, iska da tururi ba su da hanyar fita. In ka yi sako-sako, nauyin ƙarfen zai tura bangon, kayan su fito da kumburi. Kuma ƙarfin da za ka sa a gefen akwati daban yake da wanda za ka sa a kan samfurin. Baba yakan saurari sautin madaɓina daga can inda yake zaune ya ce, "Samari, ba gaba kake da shi ba." Bayan nan a juya akwatin, a ɗora ɗaya rabin samfurin, a sake barbaɗa hoda, a kafa sandar da za ta bar ramin zubawa, a cika gidan sama. Sai a soka siririyar waya nan da can don numfashi, a ɗaga saman, a ɗan ƙwanƙwasa samfurin ya saki, a zare shi a hankali ba tare da hannu ya yi rawa ba. In kayan mai rami ne a ciki, kamar famfo, sai an dasa wani curin yashi da aka gasa daban, wanda a da ake haɗa shi da man irin linin, a tsakiyar gurbin, ƙarfe ya zagaye shi, daga baya a farfashe shi a zazzage.

Akwai wani ma'auni a maƙerar da na daɗe ina sha'awa. Ka gan shi kamar rula ta kowa, amma kowane incinsa ya ɗan fi inci na gaskiya. Dalili shi ne ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Tagulla tana raguwa da wajen kashi 3 cikin 16 na inci a kowace ƙafa, baƙin ƙarfen zubi kuwa wajen kashi 1 cikin 8. Don haka mai sassaƙa samfuri yana da rula ta tagulla daban, ta baƙin ƙarfe daban, yana aiki da su kai tsaye ba sai ya yi lissafi ba. Kuma ba ya yin bango a miƙe sak, sai ya ɗan karkata shi da digiri ɗaya ko biyu don samfurin ya zaru daga yashi. Tsukewar nan ba a waje kaɗai take ba. Wurin da ya fi kauri shi ne ke daskarewa a ƙarshe, in kuma babu inda zai janyo ƙarin ƙarfe, sai ya bar kogo a tsakiyarsa, wanda ba za ka gani ba sai ranar da bawul ɗin ya fashe a bakin aiki. Maganinsa shi ne a bar wani rami mai faɗi a saman wurin, ya cika da narkakken ƙarfe, ya riƙa ciyar da kayan har su daskare, daga baya a yanke shi a mayar tukunya. Inda za a sa wannan ramin, da inda ƙarfe zai shiga, da faɗin hanyar, babu ɗaya da ke rubuce a jikin samfuri. Suna cikin kan mai zubi.

Tagullar da nake magana a kai haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, wato zinki. In kuza aka haɗa a madadin tutiya, wani ƙarfe ne daban, shi ake yin manyan ƙararrawa da shi. Tutiya ita ce mai rigimar gidan. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, ita kuwa tun a 907 ta tafasa ta fara tashi. Tagulla tana narkewa a tsakanin 900 zuwa 940, amma sai an wuce da ita 1,000 kafin ta yi ruwan da za ta bi kowane lungu na gurbi. Ke nan duk lokacin da aka buɗe tukunya tutiya tana gudu, tana ci da harshen wuta mai kore-kore, tana tada farin hayaƙi mai sauka kamar toka. In ka jinkirta, haɗin ya canza, launin ya koma ja. A tsofaffin maƙeru murhun rami ne a cikin daɓe, ana cika shi da gawayin kwal, dogon bututun hayaƙi ne ke jan iska, a zura tukunyar narki ta yumɓu da girafait a ciki. Mutum yakan tsaya a kan bakin ramin, ƙafa nan ƙafa can, ya ciro ta da dogon awartaki, a kwashe dattin da ya taso, a zuba ba tare da an yanke ba. Yankewar daƙiƙa ɗaya tana barin tabo inda ƙarfe biyu suka haɗu ba su narke da juna ba.

Farin hayaƙin nan yana da tarihinsa. Wanda ya shaƙe shi da yawa, bayan 'yan awoyi sai sanyi ya rufe shi, jiki ya yi ta karkarwa, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, bakinsa da ɗanɗanon ƙarfe, washegari ko jibi ya miƙe garau. Likita Edward Greenhow ya yi rubutu a kan wannan ciwo na masu zubin tagulla a 1862. Abin mamakin shi ne jiki yana sabawa da shi a cikin mako, sabon kuma ya gushe a hutun ƙarshen mako, shi ya sa ya fi kama mutane ranar Litinin. Ma'aikata sun yi imani madara tana maganinsa, suna ta sha, alhali ba ta hana komai. Wannan ma mai sauƙi ne in an gwada da ƙurar yashi da ke taruwa a huhu shekara da shekaru, da dalmar da ake ɗan ƙara wa tagulla don ta yi daɗin yanka a inji. Ina faɗin wannan ne saboda akwai masu ba da labarin tsofaffin maƙeru kamar wani zamani ne na jin daɗi da aka yi asara. Baba yana tari irin wanda ba ya tafiya, kuma shi da kansa ya sa na'urar zuƙe hayaƙi a kan murhunsa tun kafin wani ya tilasta masa.

Rigimar tutiya ce ma ta tsara yadda sana'ar ta taso a Turai. Shekaru aru-aru ba su iya fitar da ita a matsayin ƙarfe ba, domin kafin ta rabu da dutsenta ta riga ta zama hayaƙi. Sai su niƙa dutsen, su haɗa da gawayi da gutsattsarin jan ƙarfe a rufaffiyar tukunya, tururin tutiyar ya shige jan ƙarfen, a sami tagulla ba tare da kowa ya ga tutiyar da idonsa ba. A Zawar ta Rajastan a Indiya kuwa an daɗe da gano yadda ake kama tururin a sanyaya shi, ɗaruruwan shekaru kafin William Champion na birnin Biristol a Ingila ya karɓi takardar mallakar fasaharsa a 1738, ya kuma kafa babbar masana'anta a Warmley a 1746.

A Biristol ɗin ne Abraham Darby ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin tagulla a Baptist Mills a 1702, da ƙwararrun ma'aikata da aka ɗauko daga tsallaken teku. Yawancin mutane sun san Darby da narka baƙin ƙarfe da gawayin kwal a Coalbrookdale a 1709. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne takardar da ya karɓa a 1707, ta zuba tukwanen baƙin ƙarfe a cikin yashi zalla. Kafin nan kowace tukunya sai an gina mata gurbin laka an busar an gasa, aikin kwanaki. Da yashi da samfuri ɗaya kuwa mutum zai yi ta maimaitawa, tukwanen su fito sirara, marasa nauyi, masu araha. Gadar ƙarfen da jikansa ya gina kusa da Coalbrookdale a 1779, wadda UNESCO ta sa yankinta cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, kowa yana ɗaukar hotonta. Kowane ginshiƙinta kuwa sai da wani ya durƙusa ya gyara masa gurbi.

Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba. Kaso mai yawa na tasoshi da kwanonin tagullar da injinan ruwa suka buga a gefen kogin Avon, jiragen Biristol ne suka kwashe su zuwa gaɓar Afirka ta Yamma aka musanya da bayi. Masana'antar tagulla ta Saltford a bakin wannan kogin, wadda ta yi aiki har 1925, tana nan ana ziyarta, kuma wannan ɓangare ne na labarinta. Daga baya Birmingham ta yi ta zuba mundayen nan masu siffar takalmin doki da suka zama kuɗi a yankin. Lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta janye su daga kudu maso gabashin Nijeriya a 1948 zuwa 1949, an tattara sama da miliyan 32. Ka yi tunanin yawan akwatunan yashin da aka daɓe kafin a kai wannan adadi.

Birmingham ita ce ta zama uwar tagulla. Hanyar ruwan da aka haƙa ta iso garin a 1769 ta kawo kwal da araha, a 1781 kuma masu sana'ar suka haɗa kuɗi suka kafa gidan haɗa tagullarsu a Broad Street don su huta da tsadar masu kawo musu daga waje. Daga nan sai abin ya barke: gadajen tagulla, famfuna, kayan fitilun gas, makullai, usur na jiragen ƙasa, ma'aunan tururi. A 1832 George Muntz ya fito da haɗin kashi 60 jan ƙarfe, 40 tutiya, wanda ake lulluɓe ƙasan jiragen ruwa ta waje da shi, har da shahararren jirgin nan Cutty Sark. A 1872 ma'aikatan tagulla suka kafa ƙungiyarsu ta ƙwadago. Mafi yawan aikin ba a manyan masana'antu ake yinsa ba, a ƙananan rumfuna ne a bayan gidaje, maigida ɗaya da mutum uku ko huɗu da yara.

Irin wannan rumfa ce aka kwance daga Walsall, garin masu sirdi da linzami, aka sake gina ta a gidan tarihin Black Country da ke Dudley. An gina ta ne tun 1869, kuma da ka shiga za ka ga ƙanƙantarta: murhun rami, bencin yashi, tagogin da ba sa shigo da hasken kirki. A Birmingham kuma akwai masana'antar Newman Brothers, waɗanda suka fara a matsayin masu zubin tagulla a 1882 suka koma yin mariƙai da adon akwatin gawa, har na jana'izar Winston Churchill. Da suka rufe a ƙarshen shekarun 1990 an bar kaya a kan kantoci yadda suke, aka buɗe wurin ga masu ziyara a 2014. Na ji daɗin wuraren biyu, kuma na yaba wa waɗanda suka hana a rushe su.

Sai dai gini ba ya koya wa kowa daɓe. Na shiga wasu gidajen tarihin da aka jera samfuran katako ɗari-ɗari a bango, kowanne da lambarsa, murhu a share tas, akwatuna a tsare, babu ko ƙwayar yashi a ƙasa. Wanda ya zagaya da mu ya haddace shekaru da sunaye, amma da na tambaye shi ta ina ƙarfe ke shiga wani samfurin bawul, sai ya ce ba a rubuta ba. Ba laifinsa ba ne, da ma ba a taɓa rubutawa ba. A wani wurin kuma ana yin zubin nuni, amma abu ɗaya ne kullum, ɗan faifai mai fuska ɗaya da ko yaro zai iya. Yana burge masu kallo, ni ma ina son ganin wutar, amma mutum zai yi shekara goma yana zuba wannan faifan bai koyi dasa curi ko ciyar da wuri mai kauri ba. Hannu yana ƙwarewa ne in an kawo masa abin da bai taɓa gani ba, kuma akwai mai jiran kayan da zai dawo da su in sun yi yoyo.

Labarin masu ƙararrawa ya nuna haka. Maƙerar Whitechapel ta Landan, wadda ta zuba Big Ben, babbar ƙararrawar agogon majalisar Birtaniya, a 1858, ta rufe a 2017. An yi ta gardama a kan ginin, amma ko da an bar kowane bulo a wurinsa, mutanen da suka san yadda ake kwaɓa laka da yashi da kashin doki da gashin akuya a yi gurbin ƙararrawa sun watse. A Loughborough kuwa kamfanin John Taylor, wanda ya zuba ƙararrawar Great Paul ta majami'ar St Paul a Landan a 1881, yana nan yana aiki, yana da gidan tarihinsa a gefe, kuma abin da ya riƙe sanin a wurin shi ne har yau ana kawo odar ƙararrawa.

Abin da ke ciyar da ƙananan maƙeru irin ta Baba ke nan: masu gyaran tsofaffin jiragen ƙasa na tururi, masu tsofaffin jiragen ruwa da motoci, masu gyaran gine-ginen tarihi da ke neman mariƙin taga irin na asali. Sau da yawa babu samfuri, sai dai a kawo karyayyen kayan. In ka yi gurbi da shi kai tsaye, sabon zai fito ƙarami, tunda zai sake tsukewa a kan tsukewar farko, ga kuma cinyewar shekaru. Sai an liƙa masa kaki ko siririn katako a wuraren da za a yanka a inji, an toshe ramuka, an gyara karkatar bango.

Yanzu akwai injin da ke buga samfuri da roba daga zanen kwamfuta, har ma da mai buga gurbin yashin gaba ɗaya. Na ɗauka Baba zai tsane shi, sai na ga ko a jikinsa. Ƙorafinsa ɗaya ne, masu zanen suna mance karkatar bango, kuma layukan da injin ke bari suna kama yashi, sai an goge an shafa fenti. Ni nake yi masa zanen yanzu, na kuma ɗauki al'adar rubuta bayani a kan kowane samfuri da muka yi aiki da shi: ta ina aka shigar da ƙarfe, ina aka ciyar, yaya zafin ya kasance, me ya fito. Yana kallona ina rubutu yana girgiza kai, amma in na tambaya yana amsawa, wani lokaci har ya ƙara da abin da ban tambaya ba.

A satin nan muna da jikin usur na wani injin tururi, gefe ɗaya siriri, ɗaya gefen mai kauri inda za a yanka zare irin na noti. Manhajar da na gwada ta ce a shigar da ƙarfe ta wurin kaurin. Baba ya ce ta siririn za a shigar, don ya cika tun ƙarfen yana da zafinsa, kaurin kuma a ɗora masa ramin ciyarwa a kai. Na nuna masa hoton da kwamfuta ta zana, ja da shuɗi, ya duba sosai ya ce hoton ya yi kyau. Mun shirya za mu zuba guda biyu daga tukunya ɗaya, kowa da hanyarsa, mu sa zarto mu raba su biyu mu duba cikinsu.